"Da Idona Na Gani": Yadda Jama'a Ke Tuna Abin da Mawaƙa Ba Su Yi Ba a Tsoffin Shirye-shiryen Talabijin

Akwai labarin da kusan duk mai bibiyar tarihin kiɗan Amurka ya haddace. Wai daren da mawaƙi Elvis Presley ya fara fitowa a shirin nishaɗin talabijin na Ed Sullivan, a 1956, hukumomin gidan talabijin sun tsorata da yadda yake karkaɗa ƙugu, sai suka umarci masu kyamara kada su nuna shi sai daga cibiya zuwa sama. Waɗanda suka kalla a daren suna ba da labarin ba tare da ko ɗar ba: ga Sullivan ya fito ya gabatar da shi, ga saurayin ya hau dandamali, ga kyamara ta kafe a fuskarsa 'yan mata suna ta ihu.

Hoton shirin yana nan har yau, kuma ba haka ya nuna ba. Ranar 9 ga Satumba 1956 Sullivan ba ya ma wurin, yana jinyar raunin da ya samu a haɗarin mota. Ɗan wasan kwaikwayon nan na Ingila, Charles Laughton, shi ya riƙe masa shirin daga New York, Elvis kuwa yana can Hollywood aka haɗo shi. An kuma nuno shi har ƙafa a daren, haka ma a fitowarsa ta biyu ranar 28 ga Oktoba. Sai a ta uku, ranar 6 ga Janairu 1957, aka tsayar da kyamara daga ƙugu zuwa sama. Darare uku ne daban-daban, amma a kawunan miliyoyin mutane sun narke sun koma dare ɗaya, kuma abin da ya fi daɗin bayarwa daga kowannensu shi aka tattara aka ɗora wa na farko.

Abin da ya sa wannan batu ya cancanci a zauna a warware shi, shi ne waɗannan mutane ba maƙaryata ba ne. Mutum kusan miliyan 60 ne suka kalli fitowar farko. Wanda ya ce ya gani, ya gani ɗin. Sai dai abin da yake tunawa yau ba shi ne abin da idonsa ya ɗauka a daren ba. Kuma irin wannan ya yi yawa a kan mawaƙan tsoffin shirye-shiryen nishaɗi, daga Amurka zuwa Birtaniya zuwa Japan, har ya zama dole a tambayi me ke cikin irin wannan shiri da yake haifar da tunanin abin da bai faru ba.

Sai an fara fahimtar yadda kallo yake a wancan zamani. Shirin nishaɗi na mako-mako tarkace ne: mawaƙi ya yi minti uku, mai barkwanci ya biyo, mai wasan dabo ya shigo, a saka talla, wani mawaƙin ya fito. Dandamali ɗaya, labule ɗaya, mai gabatarwa ɗaya, shekara da shekaru. Shirin Sullivan ya yi daga 1948 zuwa 1971 yana zuwa daren Lahadi. Top of the Pops na BBC ya fara ranar 1 ga Janairu 1964, bai daina zuwa kowane mako ba sai 2006. Gasar waƙar ƙarshen shekara ta gidan NHK a Japan, Kohaku, tun 1953 take zuwa a talabijin daren 31 ga Disamba. Idan abu ya maimaitu sau ɗaruruwa a siffa ɗaya, ƙwaƙwalwa ba ta ajiye kowane dare daban. Takan riƙe fasalin gaba ɗaya, sannan duk lokacin da aka nemi wani dare sai ta cike gurbin da abin da aka saba gani. Shi ya sa Sullivan ya "bayyana" a daren da yake kwance yana jinya: shirinsa ne, kullum shi ke gabatarwa, don haka ƙwaƙwalwa ta tsayar da shi a inda ya saba tsayawa.

Ga shi kuma kallon sau ɗaya ne tak. Babu dakatarwa, babu komawa baya, babu na'urar ɗauka a gidaje sai can tsakiyar shekarun 1970, ita ma sai da aka shiga 1980 ta yaɗu. Allon ƙarami ne, hoton fari da baƙi, yana rawa, ɗaki cike da mutane ana hira. Abu ya gifta cikin daƙiƙa biyu ya wuce. Washegari a makaranta ko wurin aiki wani ya ce, "Ka ga abin da ta yi jiya?" Daga wannan lokaci labarin da ake bayarwa ya fara maye gurbin abin da aka gani, domin labarin ana maimaita shi, hoton kuwa ba a sake ganinsa.

Sau da yawa ma ba za a taɓa sake ganinsa ba, don an goge shi. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ni takaici. Kafin tef ɗin bidiyo, hanyar adana shiri ita ce a kafa kyamarar fim a gaban allo a ɗauka, kuma ba kowane shiri ake yi wa haka ba. Da kamfanin Ampex ya fito da na'urar tef mai faɗin inci biyu a 1956, tef ɗin ya yi tsada ƙwarai, ga cin wuri a ɗakin ajiya. Yarjejeniyoyin da aka yi da ƙungiyoyin mawaƙa da 'yan wasa sun taƙaita yawan maimaita shiri, zuwan talabijin mai launi kuma ya sa aka ɗauki duk wani abu na fari da baƙi a matsayin tsohon yayi da babu mai saye. Saboda haka sai a goge tef a ɗora sabon shiri a kai. BBC ba ta kafa tsayayyar manufar adana shirye-shiryenta ba sai 1978, kuma mafi yawan Top of the Pops na shekaru goman farko ya tafi ke nan. Gidan NBC ya yi asarar mafi yawan shirin Johnny Carson na 1962 zuwa 1972. NHK ma ta yi irin wannan goge-goge, har daga baya ta koma tana roƙon jama'a su kawo abin da suka ɗauka a gida. A Birtaniya tun 1993 cibiyar fina-finai ta ƙasar ke shirya taron nuna abubuwan da aka ɗauka sun ɓata sannan aka gano su.

Inda babu tef, babu alƙali. Duk wanda ya ce mawaƙi kaza ya fito a buge, ko mawaƙiya kaza ta fashe da kuka ta bar dandamali, ko an mari mai gabatarwa, ba mai iya cewa ga hoto a duba. Jita-jita ta samu fili babu shinge. Har ma rashin tef ɗin yakan zama hujja a bakin masu yaɗawa: ai saboda abin kunyar ne aka ɓoye shi. Alhali an goge na makon da ya gabata da na makon da ya biyo, waɗanda ba a ce komai ya faru a cikinsu ba.

To amma rashin tef kaɗai bai bayyana yadda mutum mai hankali zai rantse ya ga abin da ba a taɓa nunawa ba. Nan ne binciken masana halayyar ɗan'adam ya shigo, kuma akwai guda biyu da suka dace da batun nan kamar don shi aka yi su.

Ranar 4 ga Oktoba 1992 wani jirgin dakon kaya na kamfanin El Al, ƙirar Boeing 747, ya faɗa kan wani dogon ginin gidaje a unguwar Bijlmermeer da ke Amsterdam, mutum 43 suka mutu. Babu wanda ya ɗauki hoton lokacin da jirgin ya daki ginin. Gidajen talabijin sun nuna wuta da ɓaraguzai da masu ceto, sun nuna zane-zanen hanyar da jirgin ya bi, amma faɗuwar kanta babu ita. Bayan wata goma, masu bincike uku na ƙasar Holan, Crombag da Wagenaar da van Koppen, suka tambayi mutane ko sun ga hoton talabijin na lokacin da jirgin ya daki ginin. Kashi 55 cikin ɗari suka ce sun gani. A zagaye na biyu da wasu mutanen, kashi 66 suka amsa haka, kuma da yawa sun ƙara da bayani filla-filla: ta yadda jirgin ya karkato, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin wuta ta tashi. An buga sakamakon a 1996. Tambayar da kanta ta nuna kamar hoton yana nan, su kuma sun ji labarin har sun zana shi a zuci, sai zanen ya rikiɗe ya zama abin da suke ji sun kalla.

Na biyun ya fi kusa da zancenmu. Washegarin fashewar kumbon Challenger, wadda ta auku ranar 28 ga Janairu 1986, masanin halayyar ɗan'adam Ulric Neisser ya sa ɗalibai 106 a jami'ar Emory suka rubuta inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan kamar shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Kashi ɗaya bisa huɗu ba su dace da ko ɗaya daga manyan bayanan da suka rubuta da hannunsu ba, kuma ƙarfin yaƙininsu bai ragu ba. Wasu da aka nuna musu takardarsu sun yarda rubutunsu ne, amma suka tsaya a kan sabon labarin. Abin lura a nan shi ne alƙiblar kuskuren. A rubutun farko kashi 21 ne suka ce a talabijin suka fara jin labarin. A na biyu sun kai kashi 45. Wanda aboki ya gaya wa a hanya, daga baya ya je ya kalli labarai, sai ƙwaƙwalwarsa ta share abokin ta bar allon. Talabijin tana jan tunani zuwa kanta, domin hoto ya fi murya zama a kai.

Masana suna bayyana wannan da cewa ƙwaƙwalwa takan riƙe abin da aka sani fiye da yadda take riƙe inda aka samo shi. Ka san labarin, kana ma da hotonsa a zuci, amma ko gani ka yi, ko ji ka yi, ko a mujalla ka karanta, ko hasashe ka yi lokacin da ake ba ka labari, wannan alamar ita ke fara gogewa. Tun 1932 Frederic Bartlett na jami'ar Cambridge ya nuna cewa tunawa ba ɗauko ajiya ba ce, sake gini ne kowane lokaci, da kayan da ke hannu a ranar. Haka jiyau ke zama ganau bai sani ba, kuma babu wani abu a cikin zuciyarsa da zai faɗakar da shi cewa an yi canji.

Misali mai tsabta shi ne hirar da mai gabatar da shirin talabijin Bill Grundy ya yi da ƙungiyar mawaƙa ta Sex Pistols ranar 1 ga Disamba 1976, inda suka yi ta ashar kai tsaye da farkon dare. Abin ya faru da gaske, tef ɗinsa yana nan. Sai dai shirin na gidan Thames ne, yankin Landan da kewaye kawai ake kama shi. Washegari jaridun ƙasar suka sa shi a shafin farko, daga baya aka yi ta maimaita hoton a shirye-shiryen tarihi. Duk wanda yake Glasgow ko Newcastle a daren, yake kuma tuna cewa yana cin abincin dare tare da iyayensa abin ya faru a gabansu, tunanin nasa daga jarida da maimaici aka gina shi, komai ƙarfinsa.

Ita kuma jita-jitar, ba kowace iri ke rayuwa ba. Gordon Allport da Leo Postman, a binciken da suka buga a 1947, sun lura labari idan yana bin baki yakan zubar da ƙananan bayanai, ya kaifafa guda ɗaya ko biyu, sannan ya lanƙwasa ya dace da abin da masu ji suka riga suka yi imani da shi. Dubi zancen Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila. Daren 9 ga Fabrairu 1964 mutum kimanin miliyan 73 suka kalle su a shirin Sullivan, kuma har gobe ana cewa a wannan sa'a laifi ya tsaya cak a Amurka, ɓarayi ma sun zauna kallo. Asalin maganar habaici ne daga wani editan jaridar Washington Post, wanda ya ce a sa'ar ba a saci marfin taya ko ɗaya ba, yana nufin masoya ƙungiyar su ne yaran da ke satar. Zagi ne a fakaice. Da maganar ta bi ta mujallu da littattafai sai habaicin ya faɗi a hanya, ta koma yabo, ta koma kamar rahoton 'yan sanda, har George Harrison, ɗan ƙungiyar, da kansa ya maimaita ta bayan shekaru. Ta rayu ne saboda ta dace da abin da mutane ke son faɗa game da daren: cewa ƙasa gaba ɗaya ta tsaya. Wannan son ne ma ya sa ake kiransa karon farko da Amurkawa suka ga Beatles a talabijin, alhali wani mai gabatarwa, Jack Paar, ya riga ya nuna hotonsu suna waƙa a shirinsa ranar 3 ga Janairu na shekarar, kuma labaran talabijin sun nuna su tun ƙarshen 1963.

Wani lokaci fim ne ke zuwa ya zauna a kan abin da ya faru. Ranar 17 ga Satumba 1967 an nemi ƙungiyar The Doors ta sauya wata kalma a waƙarsu, wadda ma'aikatan Sullivan ke ganin tana nuni ga buguwa da ƙwaya. Mawaƙinsu Jim Morrison bai sauya ba, ba a kuma sake gayyatarsu ba. Wannan gaskiya ne. Amma a fim ɗin da Oliver Stone ya yi a kansu a 1991, an nuna Morrison ya tunkaro kyamara ya ƙwala kalmar da gayya. A ainihin hoton, rera ta ya yi yadda ya saba, ya wuce. Fim ɗin yana da launi mai kyau, da sauti mai ƙarfi, an kuma kalle shi sau da yawa, don haka shi ne ya zauna a kan mutane, ciki har da waɗanda suka ga na asali.

Su ma mawaƙan ba su tsira ba, kuma wannan ya kamata ya sanyaya gwiwar duk mai cewa ai daga bakin mai abin aka ji. A watan Janairu 1967 an sa ƙungiyar Rolling Stones su sassauta wani baiti mai zancen kwana tare a shirin Sullivan, kuma mawaƙinsu Mick Jagger ya rera sassautaccen yana juya idanu don nuna bai so ba. Daga baya ya gaya wa 'yan jarida cewa shi bai furta sabuwar kalmar ba, gunguni kawai ya yi. Tef ya nuna ya furta ta sarai, ba sau ɗaya ba. Ko kare martaba yake yi, ko kuwa haka yake tunawa, sakamakon ɗaya ne: shaidar wanda ya tsaya a kan dandamali ma tana bukatar a gwada ta da hoto. Mawaƙin da ya yi fitowa ɗari biyu, aka kuma tambaye shi labari ɗaya sau ɗari biyar, ya fi kowa haɗarin tuna labarin maimakon daren.

Duk waɗannan ba su cutar da kowa ba sosai. Akwai waɗanda suke cutarwa, kuma su ne dalilin da ya sa ban ɗauki batun nan abin wasa ba. A 1996 wani ya buga waya shirin rediyon Howard Stern ya ce ya ga mawaƙiya Lauryn Hill a tashar kiɗa ta MTV tana cewa gara 'ya'yanta su mutu da yunwa da a ce farar fata ya sayi faifanta. MTV ta ce ba a taɓa yin wannan magana a tasharta ba. Ita kanta ta musanta, ta sake musantawa. Babu wanda ya taɓa fito da hoton, alhali a 1996 na'urar ɗauka ta cika gidaje. Duk da haka shekara da shekaru ana samun masu cewa sun kalla, har zancen ya shiga baitocin wasu mawaƙa. A lura da irin ƙaryar da ta kama: baƙar mace mai alfahari da asalinta, sai aka ɗora mata maganar da wasu suka riga suka zaci irinta za ta faɗa. Jita-jitar da ake yi wa mawaƙa kusan kullum haka take, tana bin tsagin da al'umma ta riga ta tsaga. Mace a ce ta yi abin kunya ko ta haukace, wanda ake ganin fanɗararre a ce ya zagi addini ko ƙasa, wanda ya yi suna da sauri a ce ya nuna girman kai. Kuma wanda aka yi wa ba shi da hanyar wanke kansa, domin ba a iya nuna hoton abin da bai faru ba. Duk musun da ya yi ma ƙara yaɗa zancen yake, tunda an daɗe da gano, tun wani bincike na 1977, cewa maimaita magana kawai yana sa a ji ta fi kama da gaskiya.

Kada kuma a zaci samun tef yana kashe magana. A Japan, bayan mutuwar matashiyar mawaƙiya Okada Yukiko a watan Afrilu 1986 tana da shekara 18, zance ya bazu cewa an ga fatalwarta a bayan wata mawaƙiya a wani shirin kiɗa na talabijin. A lokacin mutane da yawa suna da na'urar ɗauka. Sai suka riƙa tsayar da hoto suna ƙura ido a duhun bayan dandamali, kuma idon ɗan'adam gwani ne wajen ganin fuska a inda babu ita, balle an riga an gaya masa fuskar wa zai nema. Tef mai dishi-dishi, wanda aka kwafa daga kwafi, ya zama abincin jita-jitar maimakon maganinta. Iyalin da ke cikin makoki kuma suna ji suna gani 'yarsu ta koma labarin ban tsoro na 'yan makaranta.

Akwai kuma gefe na biyu da adalci ya wajabta a faɗa, domin mai ƙaryata komai shi ma yana kuskure. Wani lokaci mutum biyu suna musu, kowanne da gaskiyarsa. Ranar 3 ga Oktoba 1992 mawaƙiya Sinéad O'Connor ta yaga hoton Fafaroma John Paul na Biyu kai tsaye a shirin Saturday Night Live. Da aka zo maimaita shirin, NBC ta saka hoton gwajin da aka yi kafin shirin, inda take riƙe da hoton wani yaro ba ta yaga komai ba. Wanda ya kalli maimaicin ya rantse ba ta yaga ba, bai yi ƙarya ba, idonsa bai kuma yaudare shi ba. Irin wannan ya yi yawa: ana yanke shiri kafin a sayar wa wata ƙasa, ana gajarta shi don talla, ana cire waƙa saboda rikicin haƙƙin mallaka, ana ɗaukar gwaji da na ainihi duka biyu.

Wani lokaci kuma abin da aka ce ya ɓata har abada yakan dawo ya gaskata masu tunawa. Fitowar David Bowie a Top of the Pops ta farkon Janairu 1973 an goge ta, kusan shekara 40 babu wanda ya sake ganinta, sai a 2011 aka gano wani mai ɗaukar hoto da ya yi aiki a shirin yana da kwafi a ajiye. Fitowar Beatles kai tsaye a shirin, ta 16 ga Yuni 1966, ita ma an goge ta. A 2019 aka samu guntu na daƙiƙa 11 marar sauti a hannun wani mai tara kayan tarihi a Meziko, wanda wani ya ɗauka da ƙaramar kyamara daga allon gidansu, ba da jimawa ba kuma wani ya fito da mai daƙiƙa 92. Saboda haka rashin tef ba ya tabbatar da labari, ba ya kuma ƙaryata shi. Abin da yake yi kawai shi ne ya mayar da nauyin kan wasu shaidu.

Shaidun da suka fi nauyi su ne waɗanda aka rubuta a makon da abin ya faru, kafin labari ya yi ƙiba: jadawalin shirye-shirye a jarida, sharhin da aka buga washegari, takardun kwangila da jerin baƙi na gidan talabijin, wasiƙun ƙorafi da masu kallo suka aika, littafin da wani ke rubuta al'amuran yau da kullum. Idan mawaƙi ya yi abin da ya girgiza mutum miliyan 30 a daren Lahadi, jaridun Litinin ba za su yi shiru ba. Rawar Elvis a shirin Milton Berle ranar 5 ga Yuni 1956 ta bar tarin sharhin fushi a jaridun makon, yagar hoton da O'Connor ta yi ta jawo dubban kiran waya. Labarin da ya ce duk ƙasa ta gani, amma ba a fara jin ɗuriyarsa ba sai bayan shekara goma, kuma kowane mai bayarwa yana sauya sunan shirin ko shekarar, wannan shirun na farko shaida ne babba a kansa. Wata alamar kuma ita ce labari ɗaya da ake jingina wa mawaƙa daban-daban a ƙasashe daban-daban, kalmomin ba su canja ba sai sunan.

Yawan masu tunawa, wanda mutane suka fi dogara da shi, shi ne mafi rauni a cikin hujjojin. Tun da aka laƙaba wa irin wannan kuskuren tunani na taron jama'a sunan Nelson Mandela a 2009, saboda mutanen da ke tuna ya mutu a kurkuku a shekarun 1980 alhali an sake shi a 1990 ya rayu har 2013, ake ta jin hujjar cewa ba zai yiwu dubban mutane su yi kuskure iri ɗaya ba. Zai yiwu, domin ba dubban shaidu masu zaman kansu ba ne. Ƙwaƙwalwa iri ɗaya gare su, shiri ɗaya suka saba gani, labari ɗaya suka ji, kuma da zarar sun haɗu suna kwatanta tunani, kowa yana ɗaukar guntu daga na ɗan'uwansa ya liƙa a nasa.

Yanzu wata sabuwar matsala ta ƙaru a kan tsohuwar. Ana ɗaukar tsofaffin hotunan fari da baƙi a shafa musu launi da kwamfuta, a ɗora sautin faifai a kan hoton wani dare daban, a yanka a haɗa, a sa shekarar da ba ita ba a ƙasa, a watsa. Fitowar Beatles ta ƙarshe a dandamalin Sullivan, wadda aka nuna a Satumba 1965, fari da baƙi ce, domin shirin bai koma mai launi ba sai mako guda bayanta, amma matashin da ya fara ganinta da launi a wayarsa haka za ta zauna masa. Wani gwaji da aka buga a 2002 ya nuna wa mutane hoton bogi na kansu suna yara a cikin kwandon balan-balan mai tashi sama, kuma rabinsu suka fara tuna tafiyar da ba a taɓa yi ba. Da can jita-jita takan ce akwai tef amma an ɓoye shi. Yanzu ana iya ƙera tef ɗin da muryar mawaƙin da fuskarsa, kuma mafi yawan mawaƙan wancan zamani, da masu gabatarwa, da masu kyamarar da za su iya cewa ba a yi haka ba, sun riga sun rasu.